Taku Arba'in Tsakanin Tsamiya Biyu

Ku samarin da kuke zama da yamma a kan murfin lambatun ƙofar gidan Baba Haladu kuna shan rake, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar Juma'a. Wai ginin lambatu ba sana'a ba ce, rami ne a haƙa a shafe shi da siminti, ko akuya aka miƙa wa cokalin gini za ta yi. To madalla, na gode. Ni ne akuyar. Sunana Sabo, mutumin Lajawa, shekara talatin ba kaɗan ina riƙe da cokalin nan, kuma lambatun da kuke tofa tuƙar rake a ciki ni na gina shi tun daga saman gari har bakin kogi, in ban da taku biyun da kuke zaune a kai. Su ba nawa ba ne, kuma saboda su na ari alƙalami har da mai riƙe shi.

Aikin farko da aka bar ni na yi da hannuna wata 'yar magudana ce ta wurin alwala, a wani masallaci a Darki. Lokacin na shekara uku ina ɗaukar kwano a bayan Baba Haladu, birkila mutumin Dagumawa da ya zauna a Wudil, wanda uwata ta danƙa ni a hannunsa. Na gina ta, na shafe ta sumul kamar tafin hannun akawu, na koma gefe ina jiran yabo. Baba bai ko dubi shafen ba. Ya laluba aljihu ya ɗauko gyaɗa guda, ya ɓare, ya jefa ƙwayar a baki, ya tuttula ruwan buta a magudanar, ya ɗora ɓawon a kai. Ɓawo ya yi tafiyar kamu ɗaya, ya tsaya, ya juya, ya dawo kamar wanda ya manta hularsa a gida.

Baba ya ce, "Rushe."

Na ce, "Baba, ai ta yi kyau."

Ya ce, "Kyau na amarya ne. Rushe."

Sau uku ina rushewa. A na huɗu ɓawo ya miƙe ya wuce bai waiwayo ba. Na dubi Baba, ya ce, "Ɓawon ne mai hankali." Ya ɗauki cokalinsa ya yi gaba. Shekara goma sha ɗaya na yi a hannunsa, iyakar yabon da na taɓa samu ke nan, shi ma ɓawo aka yi wa.

Ga karatun da ya ba ni, na ba ku kyauta. Ruwa bai iya karatu ba, ba ya jin ranka ya daɗe, ba ya cin goro. Gangare kaɗai ya sani. Katanga in ta karkace sai mai ido ya gani, amma lambatu in ya karkace da kaurin farce, ruwan sama zai tara jama'a ya yi maka shela. Kayan aikinmu ba su da yawa: diga, shebur, kwano, cokali, igiya, sai katakon awo mai idon ruwa a tsakiya. Kwaɓi kuma kwanon siminti ɗaya, na yashi biyu, na tsakuwa huɗu. Yashin kogi za ka damƙa ka murza, in ya ɓata maka tafi akwai laka, mayar da shi. In ka zuba kankare sai ka shayar da shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai, ka lallaɓa shi kamar mai jego, in ba haka ba ya tsage ya tona maka asiri. Amma duk cikin kayan nan babban injiniya shi ne ɓawon gyaɗa, kuma ba a biyansa albashi.

Sai ga shekarun kuɗin mai. Ku ba ku gani ba, don haka duk abin da na faɗa dole ku yarda. Siminti ya yi yawa har ana jin kunyar gini da ƙasa. Tifa tana bin tifa, in ka tsallaka titi sai ka yi sallama da iyalinka. Na ga lebura da agogo biyu, ɗaya a kowane hannu, in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya ɗaga kai ya dubi rana. Na ga helimanmu, shugaban leburori, ya sayi rediyo ya rataya a wuya, ya sayi wata ya rataya wa babur ɗinsa don kada ya yi kaɗaici. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na taɓa cin tsire na yi sakace da wani tsiren.

A cikin wannan hali aka zo da maganar faɗaɗa hanyar cikin gari, da lambatu a gefenta da zai kwashi ruwa daga saman gari ta gabas ya gangara da shi yamma zuwa kogi. Ofis biyu suka haɗa hannu, ɗaya na manya can a birni, ɗaya namu na nan. Mu 'yan aiki muna ce musu Ofishin Birni da Ofishin Gida. Suka rubuta yarjejeniya cewa aikin kashi-kashi za a yi shi, kowa da kason da zai ɗauki nauyi. Da mai shela ya zo faɗa a kasuwa, sai ya faɗe shi yadda ya ji a bakin akawu da Turanci: akwai Fes Wan, akwai Fes Tu, akwai Fes Tiri. Jama'a suka ɗauki kabbara. Kowa ya san fes, ai abin da aka wanke ya fita tas ke nan. Wani tsoho mai goro ya ce, "Kun ji gwamnati mai addini. Sau uku za ta wanke garin, kamar alwala." Tun daga ranar sunana ya koma Sabo Fes, don ni ɗan kwangila ya ɗauka shugaban birkiloli. Baba Haladu a lokacin ya ajiye cokali, gwiwa ta hana shi tsugunno.

Fes Wan na Ofishin Birni ne, kuma takarda ta ce daga saman gari zuwa tsamiya. Rani guda muka yi a kansa. A nan na san masu gida. Kowa so yake ruwa ya wuce ƙofarsa da gudu ya je ya huta a ta maƙwabci. Kowa so yake murfin ƙofarsa ya fi na kowa faɗi. Wani mahauci ya ce in yi masa wanda sa biyu za su haye a jere suna hira. Wani tela ya kawo mini shayi kwana tara, a na goma ya ce in matsar da lambatun ya bi ta bayan gida. Na ce, "Malam, ruwa ba zare ba ne da zan zura shi a allura." Ya ɗauke kofinsa da sauran shayina a ciki.

Muka kai tsamiya, muka tsaya, aka tafa mana. Bayan 'yan makonni takardar Fes Tu ta fito, na Ofishin Gida, daga tsamiya zuwa kogi, kuma ni aka sake kira. Na zo da sassafe da igiyata na tsaya a inda na bar aiki. Ina jira, ina jira, sai na hango masu awo can gaba suna buga turke a gindin wata tsamiyar.

Jama'a, tsamiya biyu ce a bakin hanyar nan. Kowa a Wudil ya san biyu ne, har awaki. Wanda ya rubuta yarjejeniyar ne kaɗai bai sani ba, don bai taɓa zuwa ba. Birni ya auna nasa zuwa ta gabas, Gida ya auna nasa daga ta yamma. Na taka tsakaninsu da ƙafata, taku arba'in cif. Ba na Birni ba ne, ba na Gida ba ne. A tsakiyar taku arba'in ɗin kuwa gida ɗaya ne tak, ginin ƙasa, a cikin kwari, tun da sabuwar hanya ta yi tudu ta bar shi a ƙasa. Gidan Baba Haladu.

Ku lissafa da kanku. Na tattaro ruwan rabin gari, na gyara masa hanya sumul, na koya masa gudu, na kawo shi na saita bakinsa daidai zauren mutumin da ya koya mini riƙon cokali. Ruwan farko mai ƙarfi, gidan nan zai koma kunu. Manoma kuwa sun gama sharar gona, hadari ya fara leƙowa ta gabas da la'asar.

Na sami Baba a inuwar tsamiyar gabas yana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Sabo Fes! Na ga aiki. Kai, gangare ya yi gangare. Na gwada da buta jiya, ɓawo bai tsaya ko'ina ba sai a ƙarƙashin gadona."

Na ce, "Baba, wallahi ba ni na rubuta ba."

Ya ce, "Na sani, ai ba ka iya ba. Sai dai ka yi mini alheri ɗaya, ka sayo mini kwalekwale, tun da kuɗi sun zo."

Kwana shida ina zarya. A Ofishin Birni aka karɓe ni da lemon kwalba, aka buɗe takarda aka nuna mini da yatsa: zuwa tsamiya. Mun kai tsamiya? Mun kai. To Allah ya ba da lada. A Ofishin Gida aka ba ni kujera, aka nuna mini tasu: daga tsamiya. Ko buhu ɗaya ya tsallaka bayanta, mai binciken aiki zai ce an karkatar da kayan hukuma. Aka ce in yi haƙuri, za a zauna a gyara, wataƙila a saka shi a Fes Tiri. Na ce yaushe ne Fes Tiri? Aka ce bayan damina. Ga siminti a sito har rufi, wani ya fara daskarewa don zaman banza, ɓeraye sun yi unguwanni a ciki har da mai unguwa, amma buhu ɗaya ba shi da izinin taka taku arba'in ɗin nan.

Na dawo na faɗa wa Baba. Ya daɗe yana taunar gyaɗa. Can ya ce, "Da ka zo nemana ran nan, ina aka ce maka nake?"

Na ce, "A tsamiya."

"A bisa reshe ka same ni?"

"A'a, a inuwa."

"To. Je ka ce wa injiniyan Birni ya zo da sassafe, ka ce wa Shu'aibu na Ofishin Gida ya zo da yamma liƙis. Kada ka haɗa su. Ka tanadi turaku biyu da guduma."

Sai da na kai bakin kasuwa na gane, na tsaya a tsakiyar titi ina dariya har wata tifa ta kusa mayar da ni murfin lambatu. Da safe inuwar tsamiyar gabas yamma take kwantawa, cikin filin da ba na kowa ba. Da yamma inuwar ta yamma gabas take miƙewa, cikin filin nan dai. In tsamiya har da inuwarta ce, to kowane ofis yana da sauran aiki bai sani ba.

Injiniyan Birni saurayi ne mai ladabi, kuma ladabin nan ne ya kusa kashe ni. Ya iso rana ta ɗan ɗaga, inuwa ta kwanta taku ashirin da biyu, na auna. Ina tsaye a bakinta da turke a hannu. Maimakon a shiga magana, sai ya cire takalmi ya tsuguna a gaban Baba.

"Baba, ina kwana? An tashi lafiya? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya ƙarfin jiki? Yaya gwiwar?"

Baba kuwa ba a yi masa gaisuwa ya bar bashinta. "Lafiya lau, ɗana. Yaya hanya? Yaya mutanen birni? Yaya mahaifinka? Yaya mahaifiyarka? Yaya manyan ofis? Yaya ƙanana?"

Ni ina kallon inuwa tana janyewa kamar kunkuru. Kowace "madalla" tana cin kamu guda. Na yi tari. Na yi gyaran murya. Na saki guduma a ƙafata da gangan na yi ƙara. Baba ya waiwayo ya ce, "Kai, ba ka ga manya suna gaisawa ba?" Ya juya ya ci gaba, "Yaya zafin nan kuma?"

Da aka gama, aka kawo zance. Injiniya ya saurara, ya dubi takarda, ya dubi tsamiya, ya dubi inda nake tsaye ina bin inuwa da ɗan taku kamar mai kama fara.

Ya ce, "Baba, wannan ai dabara ce."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, jiya da ka aiko direbanka, cewa ka yi in jira ka a ina?"

"A tsamiya."

"Ga ni kuwa. Taku nawa ne tsakanina da gindinta? Ko na saɓa alkawari?"

Injiniya ya yi dariya har ya cire tabarau ya share ido. Ya ce, "Takarda dai ba ta ce gindi ba. Malam Sabo, buga turkenka tun rana ba ta cinye sauran ba." Na buga da ƙarfin da sai da aka ji a Lajawa. Taku goma sha bakwai. Gaisuwa ta ci biyar.

Saura ashirin da uku, kuma duk suna wuyan Malam Shu'aibu, mai duba aiki na Ofishin Gida, mutum mai sauri kamar an kunna masa wuta a riga. Ya iso bayan la'asar a kan babur, bai ko kashe shi ba. Inuwar tsamiyar yamma a lokacin taku goma sha biyu ce kacal, tana ƙaruwa a hankali. Da safe gaisuwa ce abokiyar gabana, yanzu ita ce kaɗai gatana.

Ya ce, "Baba, a gafarce ni, Darki zan je kafin magariba. Na ji bayanin, tun da Birni sun yarda mu ma mun yarda. A buga a nan."

Baba ya kama hannunsa biyu ya riƙe. "Haba Shu'aibu, ɗan Malam Isa, jikan mai tabarmi. Kashe babur. Ina wuni?"

Ban taɓa jin gaisuwa irin ta ranar ba, kuma ba na sa ran sake ji kafin tashin ƙiyama. Ya gaishe shi da uwarsa, da ƙannen uwarsa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ya tambayi gwaggonsa ta Dagumawa. Ya tambayi rijiyar gidansu ko har yanzu tana ƙafewa. Ya yi masa ta'aziyyar kakansa da ya rasu tun Shu'aibu yana goye. Ya tambayi wani jaki da suka taɓa yi mai yankakken kunne.

Malam Shu'aibu ya ce, "Baba, jakin nan ya mutu shekara ashirin!"

"Allahu akbar! Ban ji ba. Zauna mu yi masa jaje."

Ni ina bin inuwa, goma sha takwas, goma sha tara, ashirin. Malam Shu'aibu ya gane, ya daina fizgar hannu, ya ce, "To Baba, akwai kuma wata tunkiya." Ashirin da ɗaya. Saura taku biyu inuwa ta taɓa turken safe, sai wani baƙin hadari ya taso ya rufe rana ruf. Inuwa ta ɓace kamar an share. Muka tsaya cirko-cirko muna kallon sama.

Malam Shu'aibu ya ce, "Inda na gani da idona nan zan sa hannu. Ban iya sa wa inuwar da babu hannu ba." Gaskiyarsa. Na buga turke. Taku biyu suka rage, ba na Birni ba, ba na Gida ba, daidai ƙofar zauren Baba.

Kwana tara muka yi muna aiki kamar ana kora mu, ƙungiya ɗaya daga gabas, ɗaya daga yamma. Na ce wa Baba zan ɗebi kwano biyu daga kwaɓin Birni in cike, wa zai sani? Ya ce, "Inuwa na roƙa, ban roƙi sata ba. Tara mini buhunan da aka juye." A al'adar aikinmu, kakkaɓar buhu ta birkila ce, ba mai tambayarsa. Ya shimfiɗa tabarma, ya zauna yana kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya, har ya yi fari fat kamar wanda ya faɗa a buhun gari. Abin da ya taru ya kai. Ya aika aka ɗauko tsohon cokalinsa da ya cinye ya koma kamar ganyen maina. Gwiwa ba ta tsugunno, sai ya zauna dirshan a cikin ramin ya miƙe ƙafa. Na miƙa hannu in taimaka, ya buge shi da cokali.

"Kai na Birni ne da safe, na Gida da yamma. Nan Fes ɗina ne."

Kwana takwas da gamawa ruwa ya sauko da hantsi, irin wanda yake zuwa da ƙafafunsa. Rabin unguwa suka fito da buhuna a ka, suka jeru a bakin lambatu. Ruwa ya taho daga saman gari yana gurnani, ja wur. Baba ya sa na riƙe masa lema har gindin tsamiyar gabas, ya ɓare gyaɗa, ya ci, ya saki ɓawon. Muka bi shi, ni da gudu, shi da ɗingishi, jama'a na ihu kamar ana dambe. Ya ratsa inuwar Birni. Ya zo ƙofar zaure, ya yi wata 'yar rawa a kan aikin Baba, sai ya miƙe ya faɗa inuwar Gida ya nufi kogi. Ko ɗigo bai shiga zauren ba.

Na juya na dubi Baba, ruwa na zuba a fuskata. Shekara goma sha ɗaya da ɗori ina jiran kalma guda.

Ya ce, "Ka ga inda ya fi tafiya da kyau? Taku biyun tsakiya."

Fes Tiri bai zo ba har yau. Shekarar da kuɗin mai suka ja baya, tifofi suka ɓace, ɗan kwangila ya koma sayar da taki, leburan nan ya sayar da agogo biyun ya ci gaba da duban rana. Ni na shekara ina yaɓen rumbu a ƙauyuka ana ba ni dawa. Tsoho mai goro ya ce ba komai, alwala ko sau biyu aka wanke ta yi. Baba Haladu ya rasu a ɗakinsa, a kan gadonsa, a busasshiyar ƙasa, Allah ya jiƙansa.

Ku duba da kyau gobe in kun zo. Nawa na gabas ya tsage wuri uku, nawa na yamma an yi masa faci sau biyu. Taku biyun da aka yi da kakkaɓar buhu ko farce bai shiga ba. Shi kuma mai maganar akuya, ya same ni ranar Asabar da hantsi a tsamiya. Akwai wata 'yar magudana da zan ba shi ya gwada. Cokali nawa ne, siminti nawa ne. Gyaɗar kawai zai zo da ita, kuma ya sayo da yawa.